"An Adana" Daban, "An Aika" Daban: Yadda Burauza Ke Riƙe Bayanai Idan Babu Netwok

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da aka tura wani ƙauye ta tattara bayanan yaran da aka yi wa rigakafi. Fom ɗin da take cikewa shafin intanet ne da take buɗewa a cikin Chrome, ba ta sauko da wata manhaja daga Play Store ba. Ƙauyen babu sabis, amma shafin ya buɗe lafiya lau. Daga safe zuwa la'asar ta cike fom 40, kowanne ta latsa sai ya nuna mata an adana. Da ta dawo gari wayar ta fara kukan memori ya cika, sai ta miƙa wa yaron da ke wurin cajin waya ya ɗan rage mata tarkace. Yaron ya shiga saitin waya, ya nemo Chrome, ya goge bayananta kakaf. Waya dai ta samu sarari, fom 40 kuwa sun bi ruwa, domin ko ɗaya a cikinsu bai taɓa barin wayar ba.

Shafin bai yi mata ƙarya ba, da gaske an adana. Abin da bai gaya mata ba shi ne inda aka adana, da wanda ke da ikon sharewa, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin aikawa idan sabis ya dawo. Irin waɗannan shafuka da ke aiki ko babu intanet, waɗanda ake yi wa laƙabi da PWA tun shekarar 2015, sai ƙara yawa suke yi. Twitter Lite da ya fito a 2017 irinsu ne. Fom ɗin Enketo da ke cikin KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji da masu bincike suka daɗe suna tattara bayanai da shi, shi ma a cikin burauza yake tara abin da aka cike har sai an samu netwok.

Inda bayanan suke kwana

Kowace burauza tana ware wa kowane gidan yanar gizo ɗakinsa a cikin ma'adanar waya ko kwamfuta. Gida ɗaya ba ya iya leƙa ɗakin wani. Haka kuma burauzoji ba sa raba ɗaki: abin da aka ajiye a Chrome, Firefox da ke kan wannan wayar ba ta san da zamansa ba. Shi ya sa wanda ya cike fom a wata burauza, ya dawo ya buɗe shi a wata, yake tarar da wayam, ya ɗauka aikinsa ya ɓace.

A cikin ɗakin akwai ma'ajiyoyi iri-iri. Mafi tsufa su ne kukis, waɗanda Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994. Kowanne bai wuce kimanin kilobayit 4 ba, kuma duk lokacin da burauza ta nemi wani abu daga babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato uwar garke, sai ta haɗa da su ta tura. Amfaninsu a gane wanda ya shigo, ba a tara kaya a cikinsu. Sai localStorage, mai ɗaukar kimanin megabayit 5 na zallar rubutu. Tana da sauƙin amfani, amma duk sanda ake rubutu ko karatu a cikinta sai shafin ya tsaya cak ya jira, abin da ake jin nauyinsa a ƙaramar waya. Ta dace da ƙananan abubuwa, kamar harshen da mutum ya zaɓa.

Babban rumbun shi ne IndexedDB, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar da shi a watan Janairun 2015. Yana ɗaukar bayanai masu tsari, da hotuna, da sauti, ana iya bincike a cikinsa, kuma ba ya tsayar da shafi. Yana da wata ɗabi'a mai amfani: idan ana cikin rubuta wani rukunin bayanai sai batir ya mutu, ko dai rukunin ya shiga duka, ko kuma a koma kamar ba a fara ba. A irin wannan rumbu ne fom ɗin da aka cike da saƙon da ba a aika ba suke zama. A gefensa kuma akwai ma'ajiyar kwafi, inda ake ajiye gangar jikin shafin kansa: tsarinsa, launukansa, tambarinsa da umarnin da ke tafiyar da shi.

Ba a kai ga wannan tsari da wuri ba. Google ya gwada wata manhaja mai suna Gears a 2007, ya watsar da ita bayan 'yan shekaru. An gwada AppCache, ta wahalar da maginan manhaja har aka cire ta. An gwada Web SQL, W3C ta daina aiki a kanta a 2010, ko da yake ta ci gaba da zama a cikin Chrome har 2023.

Ɗan aiken da ke bakin ƙofa

Ajiye kaya abu ɗaya ne, buɗe shafi babu netwok wani abu ne. Wanda ke yin wannan aiki wani guntun umarni ne da maginan manhaja ke kira sabis woka. A sauƙaƙe ɗan aike ne da shafi ke bari a cikin burauza, yana zaune tsakanin shafin da intanet. Duk abin da shafin ya nema sai ya bi ta hannunsa, shi zai yanke ko ya je intanet ya ɗauko, ko ya miƙo kwafin da ke ajiye. Chrome ta fara aiki da shi a 2015, Firefox a 2016, Safari kuma sai a 2018. Saboda girman ikon da ke hannunsa, ba a yarda ya zauna ba sai a shafin da adireshinsa ya fara da https.

Abu biyu ne game da shi ake yawan mantawa. Na farko, sai an buɗe shafin da netwok aƙalla sau ɗaya kafin a girka shi ya kwashi kwafi. Wanda aka turo wa adireshin fom ta WhatsApp, bai buɗe ba sai da ya isa inda babu sabis, ba abin da zai gani. Na biyu, ɗan aiken ba ya kwana a farke. Da zarar ya yi kamar daƙiƙa 30 babu aiki, Chrome za ta kwantar da shi don a tattala batir, sai wani dalili ya taso a tashe shi. Ba ya iya cewa zai zauna yana jiran sabis ya dawo.

Akwai kuma waɗanda ba su da shi sam. Opera Mini, da mutane da yawa suka saba da ita saboda tsimin data, idan tana yanayin matsanancin tsimi a kwamfutocin kamfanin Opera ake sarrafa shafin, a turo wa waya sakamakon kawai. A wannan yanayi babu ɗan aike, babu rumbu, don haka babu maganar aiki ba tare da netwok ba.

Ɗakin na aro ne

A takarda, wurin da ake bayarwa yana da yawan gaske. Chrome tana barin gida ɗaya ya ci har kashi 60 cikin 100 na girman ma'adanar na'ura. A waya mai gigabayit 64, lissafin ya kusa gigabayit 38. Firefox ta fi tsumulmula, tana tsayawa a kashi 10 cikin 100 ko gigabayit 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Safari ma daga fitowa ta 17 ta koma wajen kashi 60. Sai dai da girman ma'adanar gaba ɗaya ake wannan lissafi, ba a duba abin da ya rage a cikinta. Wayar da bidiyon biki da saƙonnin murya suka cinye, ko an yi wa shafi alƙawarin gigabayit 38, abin da ke ƙasa shi zai samu. Idan wuri ya ƙare, rubutu a rumbu zai gaza, kuma idan maginin bai tanadi abin da za a nuna wa mutum a wannan hali ba, yana iya ci gaba da cike fom alhali ba ya shiga ko'ina.

Babbar matsalar ma ba ta girma ba ce. Asalin yarjejeniyar da ke tsakanin burauza da shafi ita ce za ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe masa kayansa, ba ta ɗauki alƙawari ba. Idan na'ura ta matsu da wuri, burauza tana da damar korar wasu gidajen, ta fara da wanda aka fi daɗewa ba a leƙa ba. Kuma ba ta tsince-tsince. Ba ta san wannan tsohon hoto ne da za a iya sake saukowa da shi, wancan kuma rasit ne da babu kwafinsa a duniya ba. Ɗakin gaba ɗaya take sharewa, ba kuma tare da ta tambayi mai waya ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Apple ya ƙara nasa sharaɗin a watan Maris na 2020. A Safari, idan aka yi kwana 7 ana amfani da burauzar ba tare da an shiga wani shafi an taɓa wani abu a cikinsa ba, za ta goge duk abin da umarnin shafin ya ajiye. Kwanakin da aka yi amfani da Safari ake ƙirgawa, ba na kalanda ba. An yi dokar ne don a daƙile masu bibiyar mutane saboda talla, amma ta haɗa da mai gaskiya. Mafita a iPhone ita ce a ɗora shafin a fuskar waya kamar sauran manhajoji, domin wanda aka ɗora ba ya shiga wannan ƙirge na Safari.

Shafi yana iya neman a mayar da ɗakinsa na dindindin, yadda burauza ba za ta kore shi don ƙarancin wuri ba. Firefox tana tambayar mai na'ura ya amince ko ya ƙi. Chrome ba ta tambaya, da kanta take yanke hukunci, tana duba yawan shigar mutum shafin, da ko ya ɗora shi a fuskar waya, da ko ya ba shi izinin turo sanarwa. Layi ɗaya ne na umarni, amma shafuka da yawa da ke riƙe wa mutane aiki mai muhimmanci ba sa ko nema, kuma wannan sakaci ne tsagwaronsa. Duk da haka izinin dindindin burauza kaɗai yake ɗaure wa hannu. Mai waya, ko yaron wurin caji, idan ya ce a goge, an goge.

A nan yana da kyau a bambance akwatuna biyu da Chrome ke nunawa a wurin share tarihin bincike. Akwai na hotuna da fayilolin da aka ajiye na wucin gadi, wanda share shi ba ya taɓa rumbu. Akwai kuma na kukis da bayanan shafuka, wanda ke tafiya da rumbu da ɗan aike da duk saƙon da ke jira. Suna kusa da juna, kuma yawancin mutane duka suke zaɓa. Haka nan duk abin da aka yi a tagar sirri, da an rufe ta ya tafi.

Wa zai aika idan sabis ya dawo?

Shafin da aka gina da kyau ba ya ƙoƙarin aika komai kai tsaye. Yana fara rubuta shi a rumbu, cikin layin jira, sannan ya gwada turawa, kuma ba ya cire shi daga layin sai uwar garke ta amsa cewa ta karɓa. Idan shafin yana buɗe lokacin da sabis ya dawo, magana ta ƙare. Amma mutum yakan cike fom ya rufe burauza ya jefa waya a aljihu.

Don wannan ne Chrome ta kawo tsarin aikawa a bayan fage a fitowarta ta 49, a 2016. Shafi zai bar wa burauza sallahu cewa yana da saƙo a layi. Da ta ga hanyar sadarwa ta buɗe sai ta tashi ɗan aike, ko da an rufe shafin, ya kwashi abin da ke rumbu ya tura. Mai waya yana kan babur ya shigo inda akwai sabis, aikinsa ya tafi bai ma sani ba. Idan ya yi aiki, abin gwanin daɗi ne.

Sai dai sharuɗɗansa sun fi yadda ake tallarsa yawa. Chrome da 'yan uwanta da aka gina a kan Chromium, irin su Edge, su ke da shi. Firefox da Safari ba su da shi, wato mai iPhone sai ya sake buɗe shafin da hannunsa kafin komai ya tashi. A Chrome ɗin ma gwaji 3 ake yi: idan na farko ya gaza a jira kamar minti 5, idan na biyu ya gaza a jira kamar minti 15, bayan na uku a haƙura. Kowane gwaji kuma 'yan mintoci aka ba shi, don haka bai dace da tura dogon bidiyo ba.

Wannan gwaji 3 yana da sauƙin ƙonewa a banza. Abin da burauza ta fi iya gani shi ne waya ta haɗu da wata hanyar sadarwa, ba lallai ta san ko hanyar tana kaiwa ko'ina ba. Layin da data ta ƙare a kansa, ko Wi-Fi ɗin da na'urarsa ke kunne amma kuɗinsa ya ƙare, ko sabis mai sanda ɗaya da ke zuwa yana ɗaukewa, duk suna iya sa a tashi ɗan aike ya fita ya dawo hannu rabbana. Cikin abin da bai kai rabin awa ba an cinye damar duka. Saƙon yana nan a rumbu, amma babu mai sake waiwayarsa sai an buɗe shafin. A kan wannan kuma ga tsarin tattalin batir na wasu kamfanonin waya, da ke kashe duk manhajar da ba a gabanta ake ba.

Maginan manhaja da yawa suna amfani da Workbox, kayan aikin da Google ya samar, don gina layin jiran. Yana da dabara mai kyau: a burauzar da ba ta da aikawa a bayan fage, yakan sake gwadawa duk lokacin da ɗan aike ya tashi. Amma idan ba a sauya saitinsa ba, saƙon da ya wuce kwana 7 a layi watsar da shi yake yi. Ga mai tura tsokaci a ƙarƙashin labari wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke yin mako biyu a daji yana tattara bayanai, sai an ɗaga wa'adin.

Akwai wasu tsare-tsare biyu masu kama da wannan da ake yawan cakuɗa su da shi. Ɗaya na sabunta bayanai ne lokaci-lokaci, kamar jarida ta sauko da labaran safe kafin a farka. Ya zo a Chrome 80 a 2020, sai shafin da aka ɗora a fuskar waya yake samunsa, ba ya yin ƙasa da tazarar awa 12, kuma idan mutum ya daina shiga shafin sai burauza ta daina. Mozilla, mai Firefox, ta fito fili ta ƙi shi, saboda yana ba shafi damar sanin adireshin intanet ɗin mutum, da kusan inda yake, a lokacin da bai buɗe shafin ba. Ɗayan kuma na sauko da manyan fayiloli ne kamar karatu ko fim, yana nuna ci gabansa a wurin sanarwa, kuma ana iya tsayar da shi.

Idan saƙo ya je sau biyu

Ko an samu aikawa, da sauran rina a kaba. Waya tana iya tura saƙo, uwar garke ta karɓa ta rubuta, amma kafin amsarta ta dawo sabis ya ɗauke. A wurin waya saƙon bai je ba, sai ta sake turawa. Idan odar atamfa ce, an yi oda biyu ke nan. Idan rajistar yaro ce, yaro ɗaya ya zama biyu a lissafi. Maganin ba shi da wuya: tun a waya ake ba kowane saƙo lambar da babu mai irinta, uwar garke kuma idan ta ga lambar da ta riga ta karɓa sai ta amsa ba tare da ta sake rubutawa ba. Shafin da ke karɓar kuɗi ko oda ba tare da wannan ba bai kamata a sake shi ga jama'a ba.

Wanda ya fi wuya shi ne saɓani. Mai shago da yaronsa kowa ya gyara farashin kaya ɗaya a wayarsa babu netwok, daga baya duka wayoyin suka haɗu da uwar garke. Na wa za a ɗauka? Hanya mafi sauƙi ita ce a bi na ƙarshe, amma agogon waya ba abin dogaro ba ne, kuma gyaran ɗayan yana ɓacewa ba wanda ya sani. Rumbun CouchDB, da ƙaninsa PouchDB da ke aiki a cikin burauza, sun ɗauki wata hanya: suna riƙe kwafin biyu, su nuna ɗaya, su yi alamar akwai saɓani har sai manhaja ko mutum ya warware. Da waɗannan ne ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ta gina manhajojin bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar Ebola lokacin annobar da ta ɓarke a Afirka ta Yamma a 2014, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Duk wannan yana komawa ne kan abin da shafi ke nuna wa mai amfani da shi. WhatsApp ya riga ya koya wa kowa bambancin ɗan agogo da alamar da ke cewa saƙo ya tafi, don haka babu uzuri ga shafin da ke amfani da kalma ɗaya, ko launin kore ɗaya, ga abin da ke waya da abin da ya isa uwar garke. Ya kamata a ga adadin da ke jira ƙarara, a ga lokacin da aka yi aikawar ƙarshe, a samu maɓallin turawa da hannu, a kuma samu hanyar fitar da abin da ke layi zuwa fayil, kamar yadda Enketo ya tanada.

Shi kuwa mai waya, kafin ya fita ya buɗe shafin da netwok, sannan ya kashe data ya sake buɗewa ya tabbatar yana aiki. Ya ɗora shi a fuskar waya, ya tsaya a burauza ɗaya, ya guji tagar sirri, ya bar ɗan sarari a memori. Ya kuma tuna cewa abin da ke rumbu ba a kulle yake da wani mabuɗi na daban ba, duk wanda ya buɗe wayar ya shiga shafin zai iya ganin sunaye da lambobin da ke ciki, don haka kwamfutar kafe ko wayar aro ba wurin irin wannan aiki ba ne. Idan ya dawo inda akwai sabis, ya buɗe shafin da kansa ya zauna a kai har adadin da ke jira ya koma 0, kafin ya miƙa wa kowa wayar ya rage mata kaya.